Shingen Siminti a Gangaren Makarantar Malam Sule

Jiya da na shigo ofis na ji ɗaya daga cikinku yana cewa aikin nan namu ba wani abu ba ne, wai layi biyu za ka ja a kwamfuta, ɗaya na mota ɗaya na keke, ka shafa kala a tsakani, shi ke nan. Ban yi mamaki ba, don ni ma da irin wannan tunanin na shigo. Amma tunda an ce a hannuna za ku yi watannin koyon aikinku, gara ku ji yadda abin yake tun kafin mu fita titi. Inda ka ja layi a takarda, gobe wata mata ce za ta bi ta wurin da goyo a baya da tulu a ka, tirela na wucewa ta gefenta.

Aikina na farko a nan Birnin Kudu riƙe sandar awo ne. Maigidana a lokacin shi ne Baba Iliya, tsohon ma'aikacin safiyo, dogo, yana ɗingisa ƙafar hagu tun ranar da wata motar haya ta kwashe shi yana tsakiyar awo. Kayan aikinsa ba su da yawa: na'urar awo mai ƙafa uku da yake naɗewa a tsohon bargo, da sandar nan mai lambobi, da tef, da igiya, da fegi na itace, da guduma, da buhun toka da muke zuba layi da ita a ƙasa. Ran kasuwa ya kai ni babban titi, ya tsayar da ni daidai bakin kwalta, bayana na kallon motocin da ke tahowa daga Kano. Ya ce in riƙe sandar a miƙe, kada in waiwaya, in na waiwaya awon ya ɓaci. Ya tafi can nesa ya sa ido a na'ura.

Tirela ta farko da ta wuce, iskarta ta fizge mini hula, ta ja ni kamar za ta zuƙe ni cikin tayoyinta. Na saki sandar na faɗa kwata. Da na fito, Baba Iliya yana tsaye a kaina.

"Ka ji ta?" ya ce.

"Na ji ta, Baba."

"To, nan da ka tsaya, nan talakan garin nan yake tafiya kullum. Shi ba shi da wani wurin. Ɗauki sandar."

Bai bar ni na taɓa fensir ba sai da ya sa ni wani aikin da na ɗauka wulaƙanci ne. Akwai wani manomi a Kiyako, Malam Bawa, abokinsa ne, mutum mai fara'a da ke kawo gero kasuwa a kan keke. Baba Iliya ya ce masa ya ara mini keken da buhun geronsa gaba ɗaya. Aka ɗaure mini buhun gero a kariyar bayan keken, aka ce in kai shi Birnin Kudu. Malam Bawa yana dariya ya ce, "Ɗan samari, in ka ji babbar mota a bayanka, kada ka matse birki, kuma kada ka sauka daga kwalta da gudu. Ka riƙe kan keken ka yi ta salati."

A wannan tafiyar na koyi abin da na'ura ba ta nunawa. Buhu ya fi keke faɗi, ya fi mahayin ma faɗi. Keke mai kaya ba ya tafiya a miƙe, lilo yake yi, kuma in hawa ne lilon ƙaruwa yake. Bakin kwalta ya zaizaye ya bar gaɓa, in tayar gaba ta zame ta faɗa, kai da buhun cikin titi za ku zube, ba waje ba. Sannan ga yashi da ruwa ya tara a gefe, shi kuma kama taya yake yi. Na iso kasuwa hannuwana sun ƙage a kan keken, sai da aka ɓamɓare mini yatsu. Tun daga ranar, in zan fitar da faɗin hanyar keke, ba keken nake aunawa ba. Buhun nake aunawa, da lilonsa, da gwiwar hannun mai tuƙi, sannan in ƙara wurin da wani zai gifta shi.

Ku kuma san masu aikinku. Wanda ya sa hannu a takarda yana cikin mota da gilashi a rufe. Masu aikinku su ne manomin da ke kan keke, da mai amalanken shanu, da matan da ke dawowa daga niƙa, da makaho da sandarsa, da mai keken guragu wanda ɗan tudu kaɗan zai tsare shi, da 'yan makaranta waɗanda ba sa tsallaka titi ɗaya bayan ɗaya sai dai a garke. Akwai kuma waɗanda ba ka zana su ba amma za su zo: mai shayi, mai faci, mai suya, ɗan adaidaita sahu mai jiran fasinja. Duk inda ka share wuri ka daidaita shi, su ne farkon zuwa. Ba mugunta ba ce, abinci suke nema. In ba ka tanadar musu wuri a zanenka ba, za su zauna a na mai keke.

Wannan na gan shi da idona a hanyar keke ta farko da aka yi a cikin gari. Lokacin Baba Iliya ya tsufa, ni nake zane shi yana dubawa. Mun nemi a yi shinge, aka ce abin da ke akwai fenti ne kawai. Muka ja farin layi daga wajen tasha zuwa bakin kasuwa, aka zana hoton keke a ƙasa, ya yi kyau ƙwarai. Baba Iliya ya tsaya yana kallo, ya ce, "Fenti dai ba ya tare mota." Kafin wata ya zagayo, 'yan adaidaita sun mayar da wurin tasha, mai faci ya baza tayoyinsa, masu rake sun jingina kayansu. Mai keke in ya zo nan dole ya karkata ya hau kwalta, a daidai inda direba ba ya tsammaninsa, tunda direba ya ga an ba shi layinsa.

A nan wata motar itace ta bugi Malam Bawa. Na je duba shi a asibiti, an ɗaure masa ƙugu, fuskarsa ta kumbura har ban gane shi ba sai da ya yi magana.

"Malam Ya'u," ya ce, "ai a kan layinku nake tafe. Na tarar da tayoyi a gabana, na ɗan kauce. Daga nan ban san komai ba."

Ya rayu, amma bai sake hawa keke ba. 'Ya'yansa ke kai masa gero kasuwa. Baba Iliya kuwa bai daɗe ba bayan nan ya ajiye aiki, ya bar mini na'urar da bargonta, shekara ba ta cika ba Allah ya yi masa rasuwa.

Aikin da nake so ku ji da kyau shi ne na bakin garin Gwaram, don ofishinmu har can yake dubawa. Wata safiya wani dattijo ya shigo nan da farar riga da carbi, ya ce sunansa Malam Sule, gidansu gidan malamai ne, shi ke riƙe da Islamiyyar da mahaifinsa ya bari. Makarantar tana ƙasan wani gangare. Titi ya taho daga wajen Farin Dutse, ya hau tudu, sannan ya gangaro ya wuce ta ƙofar makarantar. Gidajen yawancin ɗalibansa suna sama, a ɗaya hannun. Kullum yara sai sun bi gefen titin sun gangaro, sannan su tsallaka a ƙasa, daidai inda mota ta gama tara gudu.

"Kullum in aka tashi, ni da ƙannena muke tsayawa a titi da sanda muna tare motoci," ya ce. "Wani direban ya tsaya, wani ya zage mu. Shekaranjiya wata mota ta taɓa allon wata yarinya da ke rataye a kafaɗarta, allon ya tsage biyu. Yarinyar ba ta ji ciwo ba. To ni ba na so in jira ta gaba."

"Allah gafarta Malam, zan zo in gani," na ce.

Na je na yini a wurin, ban fitar da tef ba. Na zauna a kan tudun ina kallon inda direba ke fara hango ƙasa, na sauka na durƙusa daidai tsayin yaro in ga abin da shi yake hangowa. Daga ƙasa, yaro ba ya ganin mota sai ta riga ta leƙo. Shi kuma direba mai kaya, in ya leƙo ya ga yara, nisan da ya rage ba zai ishe shi tsayawa ba. Don haka na ɗauke wurin tsallakawa daga ƙasa na kai shi can saman tudun, inda mota ke hawowa a gajiye kuma kowa na ganin kowa, na sa tudun rage gudu kafinsa ta kowane ɓangare. Daga nan zuwa ƙofar makaranta na zana hanya a gefe ta masu ƙafa da masu keke, da shingen kankare tsakaninta da titi, tsayinsa ya kai ƙugu. Na bar ƙofofi 'yan ƙanana, keken guragu zai shiga amma adaidaita ba za ta shiga ba. Na bar ramuka a gindinsa don ruwa ya wuce. Masu shayi da mai faci na ware musu fili a saman tudun, bayan hanyar.

Ba a karɓe shi da sauƙi ba. Shugaban direbobin tasha, Alhaji Mamman, ya same ni ina buga fegi, ya zo da mutanensa.

"Injiniya, ka matse mana titi," ya ce. "In mota biyu suka haɗu a nan, ina za mu kauce?"

"Da ina kuke kaucewa, Alhaji?"

"Gefe mana."

"A gefen nan yara suke."

Ya ce, "To in birki ya ƙwace wa mutum fa? Ka toshe masa mafita. Sai ya daki siminti ya mutu?"

Wannan tambayar ba ta wasa ba ce. Na ce masa na gyara fuskar shingen yadda in mota ta goge shi zai mayar da tayarta kan titi, ba zai tare ta gaba da gaba ba. Ya ce Allah ya sa. Masu amalanke ma suka zo, su kuma kukansu shi ne shanu ba za su shiga ƙofar ba, titi kuma ya yi musu haɗari. Sai da muka zagaya da su muka samo tsohon burtali a bayan gidaje, aka share musu shi.

Ranar zuba kankare ba a barin wurin. Shinge ƙarfinsa a ƙasa yake, a tushen da ba wanda zai sake gani, da rodin da ya haɗa tushen da jikin. In aka rage rodi ko aka yawaita yashi, daga waje ba za ka gane ba, fenti ɗaya za a shafa musu. Na tsaya a kan kowane kwano da aka juye. Da aka gama, abin ya zauna. Yara suka riƙa gangarowa a bayansa suna karatu da ƙarfi, mata suka daina tafiya suna waige, masu keke daga Fagam suka mayar da ita hanyarsu. Har zama ake yi a kan shingen da yamma. Damina biyu ta wuce lafiya.

Sai shekarar da ruwa ya yi yawa. Duk wanda ya yi aikin hanya a kudancin jihar nan yana tuna ta. Gonaki suka nutse, gidajen ƙasa suka riƙa zubewa, kwalbatoci suka toshe. Sannan ruwa ya yanke wata gada a wata babbar hanya, aka juyo da manyan motoci gaba ɗaya ta titin nan na Gwaram. Titin da muka auna don motocin hatsi da na itace, sai ga tireloli masu siminti da tankokin mai suna bin sa a jere, direbobin kuma baƙi ne, ba su san akwai gangare a bayan tudun ba.

Da na sami hanya na je duba shingen. Daga nesa lafiya lau yake, a miƙe, fari da baƙi. Na bi shi ina dukan ƙasa da rodi. A sama ƙasar na amsawa da ƙarfi. Da na zo tsakiyar gangaren sai rodin ya shige kamar a cikin kunu. Na kwanta a ƙasa na zura hannu ta gindin tushen. Hannuna ya shige har kafaɗa ban taɓo komai ba. Ruwan da ya fi ƙarfin kwata ya bi ta ƙarƙashi ya kwashe ƙasar, tun daga tsakiya har ƙofar makaranta. Shingen a kan iska yake tsaye, rodinsa ne kawai ke riƙe da shi. Ina kwance a wurin wata tanka ta wuce, na ji kankaren yana rawa a kan kafaɗata. A daidai lokacin, wasu 'yan mata ƙanana suna zaune a kansa can ƙasa suna kaɗa ƙafa.

Ku riƙe wannan. Inda babu shinge, mutum yana tafe yana tsoro, kunnensa a buɗe, a shirye yake ya yi tsalle. Inda akwai shinge ya saki jiki, ya ba mota baya. Shingen da ya rube a ƙasa ya fi babu haɗari, don in ya faɗi, a kan wanda ya amince da shi zai faɗi.

Na tashi da taɓo a jikina na shiga wurin Malam Sule. Ya fito, na kama hannunsa na kai shi, na ce ya zura sandarsa. Sandar ta shige duka. Ya ɗago ya dube ni.

"Yau zai faɗi?"

"Ban sani ba, Malam. In ba a taɓa shi ba yana iya kai rani. In tirela ta goge shi, yanzu ma."

"Me za a yi?"

"Yara su daina bin nan daga yau. A nemo duwatsu a cusa a ƙarƙashi, a danƙare, kafin a sami siminti."

Na buga waya ofis, aka ce katafila da tifa duk suna wurin gadar da ta karye, ba ranar dawowarsu. Malam Sule bai tsaya jira ba. Ya sa aka fasa katangar bayan makaranta aka yi ƙofa, ya ce yara su riƙa bin burtalin shanu, ƙannensa na gaba da baya saboda ruwa da macizai. Iyaye suka yi ta ƙorafi, wai ga hanya mai kyau an hana yara, an tura su cikin caɓi. Ya ce wanda bai yarda ba ya riƙe ɗansa a gida. Bayan sallar Juma'a ya tashi a masallaci ya nemi gayya.

Muka toshe bakin hanyar da ƙaya, amma masu keke suka riƙa janyewa suna shiga, don titin ya fi ƙarfinsu. Ban ga laifinsu ba. Mutanen gari suka fito da diga da shebur da kwanon sarki. Manoman Fagam suka kawo duwatsu a amalanke, babbansu wani ƙaƙƙarfan mutum mai suna Garba, mai bijimai biyu jajaye da yake ji da su. Sai da muka fasa bakin hanyar ta ƙasa kafin amalankensa ta shiga. Aikin a kwance ake yin sa. Ka kwanta a bayan shingen, kanka a gindinsa, ka tura dutse, wani ya miƙo maka wani, ka daka da guduma. Tayoyin tirela suna wucewa a ɗaya gefen, kana jin su a haƙoranka. Duk wanda ya kwanta sai ya yi addu'a tukuna. Muka fara daga tsakiya muna gangarowa. Alhaji Mamman ya turo mutum ya tsaya a saman tudun da jan ƙyalle yana yi wa direbobi alama.

Mun ci fiye da rabi, saura na kusa da ƙofar makaranta, ranar da abin ya faru. La'asar ta yi sanyi, an yi yayyafi, kwalta na sheƙi. Garba ya shigo da amalankensa cike da dutse ya tsayar da ita a jikin shingen, a wurin da ba mu cike ba, ana saukewa. Ni ina kwance a ƙasa kusa da shi. Sai na ji hon daga saman tudu, ba irin na a ba ni hanya ba, wanda aka danne ba a saki ba. Na ɗago kai. Mai jan ƙyallen ya jefar da shi yana gudu. Tirela ce mai siminti, ta taka tudun rage gudu ta yi sama ta dire, ba ta rage komai ba. Daga ƙasa kuma ga bas cike da mutane tana hawowa.

Na yi ihu, "Ku fita! Ku bar kayan!" Mutane suka watse, wasu suka haye katangar makaranta, wasu suka faɗa kwata. Direban yana da zaɓi biyu, bas ko shinge. Ya karya sitiyari ya jingina motar da shingen.

Ƙarar ba ta da misali. Ƙarfe na cin kankare, wuta na tartsatsi, ɓaraguzai na tashi sama. Inda muka cike da dutse ya riƙe, yana mayar da tayar kan titi, motar na gogarsa tana rage gudu. Ina tsaye jikin katanga, ba wurin da zan ƙara matsawa, ina kallonta tana cinye wurin da muka gyara tana matso wurin da na san babu komai a ƙarƙashinsa. Garba bai gudu ba, yana ta fama ya kwance bijimansa. Ya kwance ɗaya ya kore shi. Yana kan igiyar na biyun motar ta iso.

Shingen ya kwanta kamar an ture ƙyaure. Ya faɗo kan amalanken, duwatsun da ke cikinta suka tokare shi, tayar gaban tirelar ta hau kansa ta nutse a ramin da ruwa ya haƙa. Motar ta karkata, ta yi kamar za ta kife a kanmu, buhunan siminti suka zubo, sannan ta tsaya. Hon ɗin bai daina ba sai da wani ya hau ya janye direban daga kan sitiyari.

Muka tono Garba daga ƙarƙashin amalanken, hannunsa na dama ya karye biyu, yana kiran sunan sansa. San yana kwance, bayansa ya karye, aka yi sauri aka yanka shi. Fasinjojin bas suka sauko suna salati. Direban tirelar, wani magidanci mai furfura a gemu, an sauko da shi. Ya zauna a cikin taɓo ya rufe fuska. Malam Sule ya je ya tsuguna a gabansa.

"Baba, kada ka ɓoye mini," direban ya ce. "Na ga allon makaranta tun daga sama. Mutum nawa na kashe?"

"Sa ɗaya," in ji Malam Sule. "Mai shi kuma yana da rai."

Bai yarda ba. Yana cikin girgiza kai sai muka ji hayaniyar yara ta bayan katanga. Lokacin tashi ne ya yi, ƙannen Malam sun fito da su ta sabuwar ƙofa, suna bin burtali a cikin caɓi, riƙe da takalmansu a hannu. Direban ya ɗaga kai yana saurare, sannan ya dubi inda tayarsa take, ya kife a ƙasa yana kuka. Ba wanda ya hana shi.

Sai da ruwa ya ɗauke aka kawo kayan aiki. Muka fasa shingen ƙasan gangaren gaba ɗaya, muka haƙa har muka tarar da dutse, muka zuba sabon tushe, muka faɗaɗa kwata aka shafe cikinta da siminti. Garin ya haɗu ya saya wa Garba wani san, hannun nasa ya ɗoru amma bai miƙe daidai ba. An gyara gadar can, sai dai direbobi sun riga sun gane hanyar nan ta fi musu kusa, da yawansu ba su koma ba.

Ranar da aka cire katakon da ya riƙe sabon kankaren, Malam Sule ya fito ya bi shingen daga sama har ƙasa yana dukansa da sanda. Yaran suna cikin makaranta suna jira a ce musu ta wace ƙofa za su fita.

"Malam Ya'u, yanzu ya tsaya?"

"Ya tsaya wa irin motar da na sani, Malam. Wadda ban gani ba tukuna, ba zan iya yi maka alkawari ba."

Ya dubi tudun. Sannan ya juya ya ce wa ƙaninsa a buɗe ƙofar gaba, amma su bi ta jikin katanga, ɗaya bayan ɗaya, kuma duk wanda aka gani ya zauna a kan shingen a kawo masa shi.

Suka fito a jere, ƙananan a gaba. Sun kai tsakiyar gangaren sai kan wata tirela ya leƙo daga saman tudu. Ni da Malam Sule muka zuba mata ido. Ta taho, ta taho, sannan muka ji birkinta ya kama.